Ƙadangarun Malam

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa a cikinsa ba. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya rarrashi, ta bar ni in yi abina. Abin da nake so a rubuta shi ne abin da na yi wa mijina da hannuna, wanda har yau ban san ko ya yafe mini ba.

Malam nake ce masa, ko da yake ba ya karantar da kowa. Gwanjo yake sayarwa a kasuwar Daura, takalma da jakunkuna da rigunan sanyi. Shi kuma 'yar Zango yake ce mini, don daga can aka kawo ni, kuma ko da na yi furfura bai canza ba. Mun fi shekara arba'in tare.

Kafin ya aure ni ya yi karen mota a wata babbar mota mai kai gero da goro cikin Nijar, har Agadas. A wata tafiya motar ta lalace musu a tsakiyar rairayi, suka yi kwana uku suna jiran a kawo ƙarfen da ya karye. A rana ta biyu wani Buzu mai raƙuma ya zo shan shayi wurinsu, da ya ga Malam mai yawan tambaya ne sai ya ja shi bayan wani tudu ya nuna masa ƙasusuwa. Malam ya ce a jere suke a kan rairayi kamar an shimfiɗa su da gangan, kuma sun zama dutse. Gaɓa ɗaya ta ƙashin baya ta kai turmin daka. Ya taka daga inda kai yake zuwa ƙarshen wutsiya, taku ashirin da wani abu. Buzun ya ce masa ba giwa ba ce, ba raƙumi ba ne, wata halitta ce da ta yi zamaninta ta wuce tun ba a san mutum ba.

Da ya dawo gida ya ba da labari, sai aka yi ta dariya. A majalisar ƙofar gidansu in ya taho sai a ce ga mai turmi nan. In wani ya shirga ƙarya sai a ce wannan ai ƙashin Agadas ne. Har bayan aurenmu ana yi masa. Daga baya ya daina faɗa a waje, sai ni kaɗai yake ba, ni ma kuma, a gaskiya, kai kawai nake gyaɗawa don miji ne.

Ɗanmu na fari yana makarantar sakandare lokacin da Malam ya dawo wata rana tun kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba. Ina tankaɗe a tsakar gida ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba.

"'Yar Zango, ajiye rariyar nan ki zo ki ga shaidata."

Ya buɗe tafin hannunsa. Wani abin wasan yara ne na roba, ruwan toka, mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai da doguwar wutsiya. A cikin dilar jakunkuna ya same shi, a aljihun wata jakar makaranta.

Na ce, "Malam, saboda ƙadangaren roba ka bar rumfa a buɗe?"

"Ƙadangare? Ke dai Zango ba a raba muku ido ba. Dubi bayan nan. Dubi wutsiyar. Wallahi shi ne na taka. Shi ne da namansa."

Wani malamin makaranta da ke sayen takalma a wurinsa ya gaya masa sunansu dainoso, ya kuma kawo masa littafi ya nuna masa hotuna. Malam ya ɗauki abin ya kai majalisa. Suka juya shi suka ce to ai wannan ko taku ɗaya bai kai ba, ina sauran sha tara ɗin? Ya dawo yana dariya shi ma. Bai damu ba. Ya riga ya san wasu mutane a wata ƙasa sun ga abin da ya gani, har sun zauna sun ƙera shi. Ni kuwa ban taɓa iya faɗin sunan nan daidai ba, ƙadangarun Malam nake ce musu, haka kuma sunan ya bi su a gidan.

Daga nan ya fara tarawa. Duk dilar da aka kwance sai ya laluba aljihuna da ƙasan buhu. 'Yan gwanjon Mai'aduwa sun san shi, in sun ci karo da ɗaya sai su ajiye masa har ranar kasuwa. Har daga Magarya an taɓa aiko masa da guda biyu a hannun wani direba. Amma ba kowane yake so ba. Tsofaffi yake nema. Ya koya mini yadda ake gane su: tsoho yana da nauyi a hannu, robarsa a cike take ba holoƙo ba, akwai rubutu a ƙarƙashin cikinsa, kuma yana jan wutsiyarsa a ƙasa. Sababbi kuwa ba nauyi, launinsu na ihu, wutsiya a ɗage sama kamar ta akuya. In aka kawo masa sabo sai ya yi godiya ya karɓa, a hanya ya ba 'ya'yan maƙwabta. In tsoho ne sai ya auna shi a tafin hannu, ya shinshina shi, ya duba inda fenti ya goge. Akwai wani mai ƙaho uku da ke da shatin haƙora a ƙafarsa. Malam yakan shafa wurin ya ce, "Wani yaro ne a ƙasar da ban sani ba ya ciji wannan yana fitar da haƙori. Yanzu ƙila ya yi gemu, yana can yana neman abinsa."

A cikin shekara kusan ashirin ya tara talatin da bakwai. Akwai mai farantai jere a gadon baya, akwai mai fukafukai kamar jemage, akwai mai kulki a wutsiya. Akwai wani mai ƙaton kai da haƙora da 'yan guntayen hannuwa, wanda yake cewa wannan Yaya ce in an taɓa mata jika. Yaya ita ce babbar yayarsa da ke aure a Mashi, ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, kuma har ya tsufa in ta ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai.

A cikin adaka yake ajiye su, ƙarƙashin gado, kowanne a naɗe da tsumma. Ranar Juma'a in ya dawo masallaci ya ci abinci sai ya jawo adakar, ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ya jera su, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ni kuma in kawo zogalena ko shinkafar da zan tsince in zauna gefe. A wannan zaman muke yin duk maganar da ta dame mu. Malam ba mutum ne da zai dube ka ido cikin ido ya faɗi abin da ke ransa ba, amma in hannunsa na kan ƙadangare sai bakinsa ya buɗe. A nan muka yanke maganar auren 'ya'yanmu duka. A nan ya gaya mini, shekaru bayan abin ya faru, yadda rasuwar 'yarmu ta biyu ta yi masa.

Da aka ƙaddamar da shari'a garin ya ɗauki wani sabon salo, kuma ni ina cikin waɗanda suka yi murna. Aka buɗe Islamiyyar matan aure a unguwarmu, na sayi hijabi har ƙasa na shiga da furfurata. A can na gyara alwalata da Fatihata, kuma har gobe ina yi wa malamarmu addu'a. Ba ita ta sa ni ba, a rubuta wannan. Mutane suka riƙa sauke hotuna daga bango, ni ma na sauke na auren ɗana na sa a ƙasan akwati. Wata rana malama ta karantar da mu cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surar abu mai rai. Wata mata ta tambaya game da dardumarta mai hoton zaki, malama ta ce in aka kawar da kan, to ya tashi daga sura, ya zama kamar kututturen itace. Ni da ba na rubutu, a ka nake riƙe karatu, kuma wannan ya zauna mini daram.

Na kawo wa Malam maganar ranar Juma'a. Bai ɗago ba, yana goge mai fukafukai.

"Na riga ki, 'yar Zango. Na tambayi Liman tun kafin a ɗinka miki hijabi."

Limamin unguwarmu abokinsa ne tun suna yara. Malam ya ce Liman ya ce masa malamai suna da magana fiye da ɗaya a kan abin wasan yara, ya dai rufe su kada ya kafa su a ɗaki kamar abin girmamawa.

"Ni ba sujada nake musu ba. In na dube su Allah nake tunawa, da ya yi abu mai girma haka ya kuma shafe shi kamar ba a yi ba. Balle ni mai gwanjo."

Na bar maganar. Shekaru suka wuce a haka.

Sai ranar da aka kawo mini shi a bayan mota, ya faɗi a rumfa. Hawan jini ne, aka ce. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ya yi mako uku a asibiti muka dawo gida. Hankalinsa na nan sarai, yana gane kowa, yana jin komai, yana gyaɗa kai yana girgizawa. Amma kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, ita ce "to". In ka gaishe shi, to. In ruwan wanka ya yi zafi ya ƙona shi, to. In yana son wani abu ka kasa ganewa har ransa ya ɓaci, to, to, to.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce in riƙa sa masa wani abu a mataccen hannun yana ƙoƙarin matsawa, kada yatsun su ƙanƙance. Na fara da ƙwallon tsumma, ya ture. Da hannun hagu ya yi ta nuna ƙarƙashin gado har na gane. Na jawo adakar. Ya zaɓi mai dogon wuyan nan na farko, na buɗe masa yatsu na sa masa, wuyan ya zauna a tafinsa kamar don shi aka yi. Daga ranar kullum adakar a buɗe take kusa da katifarsa. Yakan jera su da hagu a bakin tabarma. In yana cikin raha sai ya ɗaga mai guntayen hannuwa ya nuna ƙofa, ma'ana ko Yaya ta aiko. In ya tuna 'yarmu da ta rasu akwai wani ƙarami kore da yake ɗorawa a ƙirji. Ni kaɗai na san wannan yaren. Bayan wata biyu babban yatsansa ya fara motsi a kan wuyan.

Ana nan Yaya ta zo daga Mashi da ƙullin kayanta, ta ce ta zo jinyar ƙaninta. Tana shiga ɗakin ta tsaya cak.

"Mene ne wannan a hannunsa?"

"Yaya, a asibiti aka ce a ba shi abin matsawa."

"A asibiti aka ce ki ba shi gunki? Lemon tsami ya ƙare a Daura?"

Malam ya ce, "To."

"Kin ji, shi ma ya yarda."

A tsakar gida ta tsare ni. Ta ce da can da yake da lafiya yana rufe su a adaka, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa, amma yanzu ga su a baje a kan mara lafiya safe da yamma. Ta ce, "Ke ce mai zuwa Islamiyya, ni ban je ba. Gaya mini, wane mala'ika ne zai shiga ɗakin nan? Mutum yana kwance yau ko gobe, kin kewaye shi da dodanni. In mai ɗaukar rai ya zo ya same shi da wannan a hannu, me za ki ce? Ko kin gaji da shi ne?"

Maganar ƙarshen nan ta soke ni. Masu zuwa dubiya ma na lura suna kallon tabarmar suna kallon juna. Yaya ta ce a kwashe a zuba a masai. Na ce ba zan iya ba. Kwana uku muna wannan, tana yi ina kaucewa, ni kuma tsoro na cina, don abin da take faɗa na ji shi da kunnena a makaranta. Ina son mijina ya warke. In kuma ba zai warke ba ina son ya cika da kyau.

A rana ta huɗu karatun malama ya faɗo mini. In aka kawar da kai, ya tashi daga sura. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya. Na ga na samo hanyar da Malam zai riƙe abinsa, mala'iku su shiga, Yaya ta yi shiru. Har daɗin kaina na ji, na ce ashe zuwa makarantar nan bai tashi a banza ba. Na gaya wa Yaya, ta ɗan yi tunani ta ce, "To, ilimi ya yi rana."

Ranar Talata ɗanmu yake kai shi gashin ƙashi a asibiti. Suna fita da hantsi na jawo adakar zuwa bakin murhu. Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba. Na sa wuƙa, ta ƙi ci, don robar tsofaffin nan tauri gare ta. Sai na tura wuƙar cikin garwashi har ta yi ja. Yaya na riƙewa ina yankawa. Warin ƙonanniyar roba ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko taya muke ƙonawa. Na yanke mai ƙaho uku. Na yanke mai farantai. Da na zo kan mai guntayen hannuwa, Yaya ta riƙe shi tana cewa dubi muninsa, ban gaya mata da ita Malam yake kwatanta shi ba. Ƙaramin koren nan da yake ɗorawa a ƙirji, shi ma na yanke.

Mai dogon wuya na bari ƙarshe. Kansa ƙarami ne kamar ƙwayar gyaɗa, ba wurin kamawa, kuma ban san inda kai ya ƙare wuya ya fara ba. Yaya ta ce in yanke daga tushe don a fita shakka. Na yanke daga tushe.

Ta tattara kawunan a wani tsohon kwano ta nufi bayan gida. Ina kallonta. Da na ce ta dakata da ta dakata, da ƙila an sami mai liƙa su wata rana. Ban ce ba. Na ji ƙarar zubarsu.

Sannan na wanke gangar jikin ɗaya bayan ɗaya, na goge, na naɗe kowanne a tsummansa, na jera su a adaka yadda yake jerawa. Na kunna turaren wuta a ɗakin.

Da azahar suka dawo. Ɗanmu ya kwantar da shi ya fita. Malam ya sha ruwa, ya huta, ya nuna adaka. Na jawo masa, ina cewa, "Malam, na yi musu ɗan gyara ne, yanzu ba mai cewa komai." Har murmushi nake yi, Allah ya sani.

Ya warware na farko. Ya dube shi. Ya ajiye, ya warware na biyu. Bai tsaya ba sai da ya warware duka talatin da bakwai da hannu ɗaya, ya daɗe yana yi, ni kuma ina durƙushe murmushin ya bushe a fuskata. Da ya zo kan mai dogon wuya sai ya sa babban yatsansa na hagu a kan dungun, inda robar ta narke ta daskare, ya yi ta shafawa. Ya kai shi wurin mataccen hannun kamar zai sa, babu abin kamawa, ya zame ya faɗi kan tabarma.

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a wurinsa ba, ba fushi ba ne, kamar dai yana son ya gane wace ce wannan matar. Na jira ya ce to. Bai ce ba. Ya mai da su adaka ba tare da tsumma ba, ya rufe da kansa, ya tura ta da ƙafar hagu, ya juya fuska bango.

Bai ƙara nuna ƙarƙashin gado ba. Yaya ta kawo lemon tsami ta sa masa a hannu, ya bari ya gangare. Ta yi mako biyu ta koma Mashi tana cewa ta bar ɗakin da haske. Yatsun suka fara lanƙwashewa, kafin damina hannun ya dunƙule gam, sai da dabara nake wanke cikinsa. Yana cin abin da na ba shi, yana barin in yi masa wanka in juya shi. Amma in na zauna gefensa ranar Juma'a da zogalena, rufin ɗaki yake kallo.

Na roƙi ɗanmu ya je Mai'aduwa ya nemo. Ya je sau uku. 'Yan gwanjo suka ce irin tsofaffin nan sun daina fitowa a dila tun tuni. Ya kawo guda huɗu sababbi, jajaye da shuɗɗa, wutsiya a sama. Na ɓoye su a hijabi na kai masa kamar mai satar hanya. Ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannu, ya ajiye shi a ƙasa, wajen tabarma.

Wata rana Liman ya zo dubiya. Don ya sa shi dariya ya ce, "Mai turmi, ina garken naka? Ko Fulani sun kore?" Malam ya rufe ido. Da Liman zai fita na bi shi zaure, na tsaya bayan ƙofa na gaya masa komai. Da na gama sai ya ce:

"Hajiya, karatun da kika ji ba ƙarya ba ne. Amma kayan mutum kika taɓa, mutumin kuma yana da rai, yana da hankali. Me ya hana ki tambaye shi?"

"Allah gafarta Malam, ai ba ya magana."

"Ba ya magana. Kai fa? Ba ya girgizawa?"

Gaskiyar ita ce ban tambaye shi ba don na san zai girgiza.

Liman ya ce in nemi gafararsa tun yana da rai, don haƙƙin mutum sai mutum. Na ce to. Amma mu matan zamaninmu ba a koya mana buɗe baki mu ce wa miji na yi maka laifi kaza ba. Abinci muke yi. Na yi masa dambun zogale irin wanda yake so, na dama masa fura da nonon da na aika aka samo mai kyau, na wanke masa riguna na sa turare. Ina ganin kamar zai ji abin da nake faɗa. Yana ci, yana cewa to. Wata ya bi wata.

Da na ga jikin na ƙara yin ƙasa, wata safiya ina shafa masa man shanu a baya, yana kwance ya ba ni baya, sai na ce, "Malam, don Allah ka yafe mini abin da na yi wa ƙadangarunka."

Da farko na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce, "To."

Wannan ita ce amsar da na samu, amsar da yake ba mai gaisuwa da ruwan zafi. Kuma a rubuta wannan ma, kada a rage: da gangan na tambaye shi ta baya. Da na zagaya gabansa na durƙusa na ce Malam gyaɗa ko ka girgiza, da na sani. Taku biyu ne tsakanina da fuskarsa. Na ji tsoron abin da zan gani, na ci gaba da shafa mai. Na ce gobe zan zagaya. Goben nan na yi ta ɗagawa har kwana goma sha ɗaya.

Ya cika da hantsi, bayan an gama girbin gero, ɗanmu na riƙe da kansa yana yi masa kalmar shahada a kunne. Ni ina madafa ina ɗumama masa kunu.

Da aka yi masa wanka aka sa likkafani, sai aka ce a kira matarsa ta yi masa addu'a ta yafe masa kafin a fita da shi, kamar yadda ake yi. Mata biyu suka riƙe ni suka kai ni. Yaya na zaune wajen kansa idonta ya kumbura. Wata tsohuwa ta ce, "Ki yafe masa, baiwar Allah, zama ya yi tsawo, ba a rasa saɓani." Na ce na yafe masa duniya da lahira, kuma ban san abin da zan yafe ba, don mutumin nan ko tsawa bai taɓa yi mini ba. Sai na sunkuya daidai fuskarsa, yanzu da ba abin tsoro, na ce, "Malam, ni fa?" Suka janye ni suna cewa kada hawaye ya zuba a likkafani. Maza suka shigo suka ɗauki makara.

Bayan na fita takaba na tambayi malamai uku, har da malamarmu, wadda ta yi kuka tare da ni. Duk sun ce Allah yana duba niyya, niyyata kuma alheri ce, in yi ta yi masa addu'a da sadaka. Ina yi. Kowace Juma'a ina toya masa ƙosai in raba. Ban taɓa shakkar rahamar Allah ba. Amma haƙƙin na Malam ne, shi kaɗai zai ce ya bari, kuma na yi kwana goma sha ɗaya yana gabana ban zagaya ba.